FILIN ADABI: Shaidar da Aka Yi wa Otelo

A wannan mako za mu leƙa wasan kwaikwayon nan mai suna Otelo, wanda Shakespeare ya rubuta, aka nuna shi a fadar Sarkin Ingila a shekarar 1604. Otelo baƙo ne, baƙar fata, da ya zama sarkin yaƙin birnin Banis na ƙasar Italiya. Wani hafsansa, Iyago, ya cusa masa zargin matarsa Dasdimona, har ya kashe ta, sa'an nan ya kashe kansa. Abin da nake so mu duba shi ne bakunan da suka yi masa shaida.

Ga surukinsa Barabanshiyo, dattijo ɗan majalisa. Da can yana ƙaunar Otelo, yana yawan gayyatarsa gida don ya sha labarin yaƙe-yaƙe. Ranar da ya ji ya auri 'yarsa, sai baƙon jiya ya zama matsafi mai asiri a bakinsa. Majalisar kuwa ta wanke Otelo a wannan dare, ta yabe shi. Amma kada mai karatu ya manta cewa jiragen yaƙin Turkawa sun doshi tsibirin Ƙubrus, kuma babu mai tare su sai shi. Da guguwa ta tarwatsa Turkawan, ba a daɗe ba takarda ta iso, aka ce ya komo gida, mataimakinsa Kasiyo ya riƙe tsibirin. Jakadan da ya kawo ta, Lodobiko, ya ga Otelo ya mari matarsa a bainar jama'a, ya riƙe baki yana tambaya ko wannan ne mutumin da majalisa ke alfahari da shi.

Abin mamaki, maƙiyinsa ne ya fi kowa saninsa. In Iyago ya keɓe shi kaɗai, yakan yarda cewa maigidansa mai riƙon amana ne, mai ɗaukar kowa da zuciya ɗaya. Da wannan halin ya kama shi.

Ni dai shaidar Emiliya, matar Iyago, ta fi yi mini nauyi, domin ba ta neman kome a wurinsa. Ta dubi idonsa ta kira shi wawa, jahili, ga takobi a hannunsa. Lalle tana da hujja. Sarkin yaƙin da ya ce sai an nuna masa ƙuru-ƙuru, ya ɓuge da karɓar hankici da labarin mafarki, bai ko kira Kasiyo ya tambaye shi ba. Sai dai ita ma da nata laifin, don ita ta tsinci hankicin ta ba mijinta, ta kuma yi shiru da aka neme shi.

Masana ma sun rabu. A 1904 Bradley ya ɗauke shi mutumin kirki da aka yaudara. A 1927 T. S. Eliot ya ce jawabinsa na ƙarshe, inda ya roƙi a faɗi halinsa ba ragi ba ƙari, lallashin kansa kawai yake yi. Ina ganin Eliot ya ɗan tsananta, ko da yake jawabin ya fara ne da tunatar da su hidimar da ya yi wa Banis, alhali gawar yarinyar tana kwance a gabansa.

Emiliya dai mijinta ya soke ta saboda ta tona asiri. Lodobiko ya miƙa dukiyar Otelo ga baffan Dasdimona, ya bar wa Kasiyo hukuncin Iyago, ya shirya komawa Banis ya kai rahoto.