Horon Sanin Makamar Aiki: Har Yaushe Za A Ci Gaba Da Ware 'Ya'yanmu?

Jama'a, akwai wata ƙwara da ake yi wa ɗalibai a jami'o'in ƙasar nan, ta fi cin 'ya'yan mazauna irinmu, amma mun yi gum kamar ba mu gani.

A 1971 gwamnatin tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikata, wato ITF, mai hedikwata a Jos. A 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibi masana'anta ko ofis ya koyi aiki da hannunsa kafin ya kammala karatu. Ɗalibin injiniya da na kimiyya da na aikin gona suna tafiya na watanni, a ba su littafin rubuta abin da suka koya, malami ya bi su ya duba, a sa musu maki. Amma mai karanta tarihi, ko harsuna, ko kimiyyar siyasa, ko nazarin zamantakewa, galibi ba ya cikin lissafi. Sai ya shekara huɗu yana fama da littafi, ya fito bai taɓa rubuta wasiƙar ofis ba, ranar neman aiki a ce masa: ina gogewarka?

Masu kare wannan tsari suna cewa ai waɗannan ɗalibai ba su da injin da za su taɓa. Wannan zancen kanzon kurege ne. Kotu ba wurin aiki ba ce? Majalisar dokoki fa, da gidajen rediyo, da hukumar ƙidaya? Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana nan cikin harabar Jami'ar Ibadan, ga rassanta a Enugu da Kaduna. Wa ya fi dacewa da ita in ba ɗalibin tarihi ba? Wasu kuma su ce bautar ƙasa ta wadatar. Bautar ƙasa bayan digiri take zuwa, kuma da yawa aji ake tura su koyarwa, ko da ba abin da suka karanta ba ne.

Inda babu tsari, sanayya ce ke aiki, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ɗan asalin jiha yana da kawu a sakatariya, zai samar masa kujera lokacin hutu. Namu fa? An kafa Sabon Ibadan tun 1916. Yaron da aka haifi kakansa a can, in ya je neman gurbi sai a tambaye shi takardar shaidar ɗan asali. Ƙaramar hukumar da aka haife shi ta ce ya koma Kano ko Katsina, can kuma a ce ba a san shi ba. Alhali sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Kuɗin da ake gudanar da SIWES na gwamnatin tarayya ne, haraji kuwa muna biya kamar kowa.

Don haka muna kira ga hukumar kula da jami'o'i, NUC, da ITF su shigar da waɗannan fannoni cikin shirin, jami'a ce za ta nema wa ɗalibi gurbi da wasiƙarta, ba dangi ba. Kuma katin makaranta ya isa shaida, kada a sake neman takardar asali.

Mu ma da namu aikin. Lauyoyinmu da 'yan jaridarmu da masu kamfanonin sufuri da 'yan canji, kowa ya ɗauki ɗalibi ko da ɗaya ne a hutun ƙarshen zango, ya ba shi takardar shaida in ya gama. Duk ɗalibin da aka kora saboda asali ya kawo ƙara ofishin ƙungiya a rubuce, da rana da wuri, domin da hujja ake zuwa gaban hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya sa mu dace.