An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ɗakin Kwamfutar da Aka Kulle a Kiru

A hutun da ya gabata na leƙa gida Kiru, sai wani shugaban makarantar sakandare, wanda ya koya mini lissafi tun ina ɗan aji biyu, ya aiko a kira ni. Bayan mun gaisa, ya ɗauko makulli ya kai ni wani ɗaki da gizo-gizo ya yi wa saƙa. Ya ce, "Dakta, ga abin da ya hana ni barci. Kwamfuta talatin aka kawo mana, ba su cika shekara ba suka mutu rana guda. Mai gyara ya zo daga birni, ya ce jabu ne, sai dai a sake sayo wasu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rana guda ka ce?" Ya ce ƙwarai kuwa. Nan hankalina ya ɗan kwanta, domin kwamfuta talatin ba sa haɗa baki su mutu lokaci ɗaya, sai fa in abin da suke tarayya a kansa ne ya sami matsala.

Abin da ke kan teburan ba cikakkun kwamfutoci ba ne. Ƙananan akwatuna ne da girmansu bai wuce tafin hannu ba, irin waɗanda kamfanoni kamar NComputing ke ƙerawa, ni kuwa 'yan raɓe nake kiransu. 'Yar raɓe ba ta ajiye komai, ba ta sarrafa komai. Aikinta ta ɗauki abin da ɗalibi ya danna ta miƙa ta cikin waya zuwa babbar kwamfuta guda, wato sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, sannan ta dawo masa da hoton amsar a allo. Amfaninta a bayyane yake: akwai wadda wat biyar kacal take ci, alhali kwamfutar tebur kan haura wat ɗari. A ƙasar da wutar lantarki ta zama baƙuwa, tun daga Bebeji har Doguwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don sola matsakaiciya za ta riƙe ɗakin. Illarta kuma ita ce, in uwa ta yi atishawa, duk 'ya'yan sun kwanta.

Saboda haka mai neman gano matsala a irin wannan ɗaki da ƙirga yake farawa, ba da sukuddireba ba. In guda ɗaya ce ta ƙi, a musanya mata wayar wuta ko wayar sadarwa da ta maƙwabciyarta, a ga ko cutar za ta bi wayar ko za ta tsaya wurin akwatin. In layi guda ne ya ɗauke, a duba suwic ɗin da wayoyin layin suka haɗu a cikinsa. Ƙananan fitilun bakin kowace kafa za su nuna wadda ke da rai. In kuwa duka ne, to a rabu da teburan ɗalibai a nufi uwar. Haka nan in suna aiki amma sai nauyi da zarar yara sun cika ɗakin, ba tsufa suka yi ba, ma'ajiyar wucin gadin sabar ce ta yi kaɗan ga yawan masu hawa.

Da muka buɗe sabar, ni da wani tsohon ɗalibina, ƙurar hunturu muka tarar ta daskare a kan fankar da ke sanyaya ta, har ta daina juyawa. Da an kunna sai ta ɗauki zafi ta kashe kanta. Muka share, ta tashi, amma 'ya'yan suka ƙi shiga. Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda ke riƙe agogon na'urar, shi ma ya mutu, kwanan wata ya koma shekaru baya, manhaja ta ƙi amincewa da lasisinta. Muka sa sabo, muka daidaita agogo. Kafin la'asar allo ashirin da takwas sun haska. Biyun da suka rage, ɓera ne ya ci wayarsu. Abin da muka kashe bai kai kuɗin motar da aka biya mai gyaran farko ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce ta masu gyara. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Yaron da ya fito daga Yako ko Riruwai, wanda ɗakin kwamfutar makarantarsa ya shekara biyu a kulle, ranar jarrabawa ce zai fara riƙe linzamin kwamfuta, ga agogo yana gudu. Sannan mu da ke jami'a mu zauna muna mamakin ƙarancin 'yan karkara a azuzuwanmu.

Ita kanta hukumar ta ɗanɗana. Gabanin jarrabawar 2023 ta sanar cewa sababbin cibiyoyi sai da laftof, ba za ta ƙara karɓar 'yan raɓe ba. Duk da haka, a watan Mayun 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas ya gurɓace, aka sake musu jarrabawa. Dalilin shi ne wani gyaran manhaja da ba a ɗora daidai a kan wasu sabobi ba. Wato ko da an kori 'ya'yan, uwar tana nan, kuma can ne cutar ta ɓulla.

A ganina, hukumar tana da hujja a zauren jarrabawa, inda tsayawar minti goma kan iya rushe shekarar yaro. Amma a makarantar ƙauye ban ga abin da ya fi 'yar raɓe dacewa ba, ga sauƙin wuta, ga shi ɓarawo ba ya kwaɗayinta tunda ba ta aiki ita kaɗai. Abin da ke kashe ta shi ne yadda ake kawo ta. A yanka kirtani, a ɗauki hoto, ɗan kwangila ya kama hanyar Kano, ba a koya wa ko malami ɗaya bambancin suwic da sabar ba, ba a ware ko sisi don batir da share ƙura ba. Ina kira ga 'yan majalisa da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai masu irin wannan kyauta da su rage kwamfuta biyar daga cikin talatin, su sa kuɗin a horar da malamai biyu, a kuma rubuta matakan bincike da Hausa a manna a bango.

Mu ma ba mu gama ba. Kalmar sirrin da ake shiga saitin sabar da ita tana wurin ɗan kwangila, lambar wayar da ya bari kuwa ta daina shiga. Malam ya ce zai bi sawunsa ta hannun wanda ya kawo shi. Kafin nan, 'yan ajin ƙarshe sun fara shiga ɗakin Litinin da Laraba bayan azahar, su biyu-biyu a allo guda.