Zancen Lafiya: Sanƙarau da 'Yar'uwarsa

Jama'ar Sundimina, da Birnin Kudu da Gwaram, ku saurara. A maƙogwaron yara akwai wata ƙwaya, likitoci na ce mata Neisseria lactamica, ba ta cutarwa, alhali kuwa danginta guda da mai kawo sanƙarau. Bambancinsu gado ne: ta sanƙarau ta gaji wata riga mai ɓoye ta daga dakarun jini, waccan ba ta gada ba. Allurar da Nijeriya ta riga kowace ƙasa farawa a 2024 tana koya wa jiki gane irin rigar nan biyar. To, lafiyayye ma yakan ɗauki mai rigar, ya ba wani da tari. Malamai, in masu allura sun zo, a fito da yara. Allah ya kiyaye.