Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Kuɗin Shiga Makarantar Jinya

'Yan'uwanmu mazauna Kurmi, na Sabon Ibadan da Agege da Idi-Araba da Shagamu da Fatakwal, akwai wata irin waya da kowane magidanci a cikinku ya sani. Ita ce wadda akan bugo daga gida da murna, a ce yarinya ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya, sa'an nan murya ta yi ƙasa, a ce ana bukatar kuɗi kaza kafin mako biyu, in ba haka ba a ba wata gurbin. A kan wannan kuɗi nake so mu tattauna yau, domin a ganina shi ne yake kayar da 'ya'yan talakawa a bakin ƙofa, bayan sun riga sun haye jarrabawa.

Mu ɗauki Vinikilang misali. Ga wanda bai san wurin ba, gari ne a Ƙaramar Hukumar Girei ta Jihar Adamawa, a ƙetaren kogin Binuwai, da zarar ka sauka daga gadar Jimeta a kan hanyar Mubi. Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Yola tana ɗaya ƙetaren, haka ma Asibitin Ƙwararru na jiha, tafiyar keke mai ƙafa uku ce kurum. Wato yarinyar da ta tashi a Vinikilang ba ta da kukan nisa irin na 'yar'uwarta ta Toungo ko Madagali. Amma kuwa sai ta yi sakandare, ta ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku da ake nema, ta ci jarrabawar shiga, a kira ta ganawa ta wuce, sa'an nan abin da ya rage tsakaninta da aji ya zama 'yar takarda guda mai jerin kayayyaki.

Uban yarinya, ko manomi ne ko masunci ko ƙaramin ma'aikaci, abin da ya sa a ransa shi ne kuɗin makaranta. Shi ya tambaya, shi ya yi wa tanadi. To, a kowace makarantar jinya ta ƙasar nan wannan kuɗi yana da 'yan rakiya. Akwai kuɗin karɓar gurbi, wanda ake biya tun kafin a taka aji. Akwai gwajin lafiya, a ɗebi jini, a ɗauki hoton ƙirji. Akwai takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma da ta haihuwa, wanda ba shi da ita kuwa sai ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru. Sai a zo kan kayan aiki: inifam, ba guda ɗaya ba, domin mai shiga ɗakin marasa lafiya ba ta maimaita riga, takalmi rufaffe, agogo mai hannun daƙiƙa na ƙidayar bugun jini, ma'aunin zafin jiki, abin sauraron ƙirji, na'urar awon jini, almakashi. Littattafan wannan fanni kuma manya ne masu tsada. In za ta kwana a makaranta ga kuɗin ɗaki da katifa da bokiti da gidan sauro. In daga gida za ta riƙa zuwa ga kuɗin haye gada safe da yamma, wanda ya tashi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Kowanne cikin waɗannan in ka ɗauke shi shi kaɗai ba wani abu ba ne. Haɗuwarsu a mako guda ita ce masifar. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000 a wata bisa dokar 2024, ya yi lissafi da kansa.

Har wa yau akwai abin da iyaye da yawa ba sa ji sai ya zo. An daɗe da sanin cewa watannin farko a makarantar jinya na gwaji ne, a ƙarshensu a yi jarrabawar tankaɗe da rairaya, wadda ta faɗi ta koma gida. Wadda ta tsallake sai a rubuta sunanta a rajistar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, kuma wannan ma da kuɗinsa. Ashe ke nan ƙofar biyu ce. Yarinyar da ta shiga aji a makare saboda ana neman kuɗi, ba littafi, kullum tana aron na wata, ita ce aka fi sa ran za ta faɗi wannan jarrabawa, duk abin da aka kashe ya bi ruwa.

Idan wa'adi ya matso, me ake yi? A kama akuya ko tunkiya a kai kasuwa. Mai saye kuwa yana ganin idon mai sayarwa ya san a matse yake, ya taya yadda ya ga dama. Ko a sayar da masara tun tana gona, ko a ci bashin da ruwansa zai fi uwar kuɗin nauyi. Daga ƙarshe sai a bugo muku waya, ku kuma ta same ku a ranar da kaya bai iso ba, ko ciniki ya tsaya.

Wani zai ce ai gwamnati ta kafa asusun ba ɗalibai rance. Gaskiya ne. An sa hannu a kan sabuwar dokarsa a watan Afrilu na 2024, aka buɗe shi a watan Mayu. Rance ne marar ruwa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ana biyan kuɗin karatu kai tsaye ga makaranta, kuma da aka fara shirin an yanka wa ɗalibi Naira 20,000 a wata na abinci. Abin a yaba ne. Sai dai mai neman rancen sai ya riga ya zama ɗalibi, makarantarsa ta aika da sunansa. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa don rashin kuɗin karɓar gurbi da inifam, rancen bai san da zamansa ba.

Saboda haka shawarata gare ku ce, ku da kuke Kurmi. Ba ku rasa haɗin kai ba. In ɗan'uwa ya rasu a Ikko, kafin la'asar an tara kuɗin likkafani da na mota. In gobara ta ci rumfa, a zauren Sarkin Hausawa ake yanke abin da kowa zai kawo. Adashi kuwa ba wanda zai koya wa 'yan kasuwar Mil 12 ko na Bodija. Me zai hana ƙungiyar mutanen kowane gari ta ware akwati guda, ana zuba masa ɗan abin da ya sawwaƙa kowace Juma'a, a ce wannan na shigar yara makarantun lafiya ne? A ba da shi rance marar ruwa, a rubuce, da shaidu, iyaye su biya da kaka. A biya ta banki da sunan makaranta a karɓi rasit, kada a damƙa a hannun wani da ya ce yana da hanya, domin masu sayar da gurbin ƙarya sun san lokacin da iyaye suke ruɗewa. Kuma tun ranar da yarinya ta sayi takardar neman shiga, a tura wani ya sami ɗalibar da ke aji biyu ya rubuto duk abin da ta saya da farashinsa. Wasu kayan, kamar littattafai da na'urar awon jini, ana samun na hannu wurin waɗanda suka gama, wasu kuma a Ikko da Anacha suka fi araha, a ƙarƙashin hancinku.

Na san masu cewa in ta gama ma Ingila za ta tafi. Lalle ana tafiya. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan hukumar jinya ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. To, wannan ai dalili ne na ƙara yawan waɗanda muke koyarwa. Mu ne kuma muke ƙorafi idan aka kai matanmu haihuwa aka tarar ba mace a bakin aiki, ko aka tarar da wadda ba ta jin Hausa ko Fulatanci. Magidancin da ke Agege, iyalinsa na Vinikilang, in naƙuda ta tashi da tsakar dare ba shi zai tsaya a kanta ba.

Su kuma hukumomin makarantun jinya da ma'aikatun lafiya na jihohi, roƙonmu gare su bai da tsada. A buga cikakken jerin kuɗi da kayayyaki, har da na rajistar da ke zuwa daga baya, a haɗa shi da takardar neman shiga, yadda uba zai san nauyin da ke gabansa watanni kafin sakamako ya fito. A yarda a biya kashi biyu ko uku. Ƙananan hukumomi kuma, irin su Girei, in za su taimaki ɗalibansu, su kawo taimakon a makon shiga, lokacin da akuya take kan hanyar kasuwa.