Kafin ka sayi fili a Maga, ka gan shi da damina

Jama'a, akwai wani ciniki da ke yawaita a garuruwanmu na arewacin Kamaru wanda ya kamata mu tsaya mu duba shi. Gari na faɗaɗa, sai a ɗauki gonakin bayan gari a yanka su fuloti-fuloti a sayar. Yawanci da rani ake kai mai saye ya ga wurin, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, ya biya, ya fara gini. Sai watan Agusta ya zo, ruwa ya nuna masa abin da ya saya.

A Maga lamarin ya fi tsanani saboda yadda garin yake. A 1979 aka gina madatsar ruwa mai tsawon kilomita 27 tsakanin Pus da Girbidik, domin kamfanin SEMRY ya riƙa shayar da gonakin shinkafa. Ruwan Logon da na rafukan da ke gangarowa daga wajen Marwa yana taruwa a tafkin, garin kuma yana ƙarƙashin madatsar, a shimfiɗaɗɗiyar fadama. A 2012 ruwa ya kori dubban mutane daga gidajensu, abin da ya sa Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 108 a 2013 don gyaran madatsar da katangar bakin kogi. Duk da haka, a 2024 ambaliya ta sake cin Yagwa da Maga.

Amma ambaliya kowa na ganin ta. Abin da ke ɓoye shi ne ƙasar da ruwan da ke ƙarƙashinta. Baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake shuka masakwa a kanta, tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe. Manomi na son ta, domin tana riƙe damshi. Gini kuwa ba ya jure wannan motsi: shekara biyu ko uku sai ka ga bango ya dare, ƙofa ta ƙi rufuwa. Kuma ruwa ba ya nitsewa cikinta da wuri, sai ya kwanta a tsakar gida.

Na biyu, kusa da tafki da hanyoyin ban ruwa, ruwan ƙasa yana tasowa sama da damina. Masai ya cika, ƙazanta ta bi ta ƙasa zuwa rijiya. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi a saman ruwan ƙasa. Idan an yanka filaye ƙanana, kowa da masansa da rijiyarsa, ina za a samu wannan tazara? Wanda ya ga kwalarar 2010 a Arewa Mai Nisa ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Dokar tsara birane ta Kamaru ta 2004 ta hana gini a wurin da ke fuskantar ambaliya. Shari'a kuma ta riga ta: Imam Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya kira wannan algus. Mai sayar da filin da ya san ruwa na kwanciya a ciki, ya yi shiru don rani ya rufa masa asiri, me ya raba shi da mai hatsin nan? Malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Dillali da lawanin da suka sani suka sa hannu, su ma suna da nasu kason na alhaki.

Don haka mai saye ya je wurin a Agusta ko Satumba. Ya tambayi manomin da ya noma gonar inda ruwa ke kaiwa. Ya haƙa rami kamar mita biyu, ya bar shi ya kwana, ya ga ko ruwa zai tsattsafo. Hukumar gari kuma ta fitar da hanyoyin ruwa kafin a kafa dutsen iyaka, kwari kuwa a bar wa shinkafa da masakwa.

Kuɗin da talaka ya tara shekara goma bai kamata damina ɗaya ta cinye shi ba. Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, amin.