Kududdufan Katsina na ƙarewa: ina kansilolinmu suke?

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya san kududdufin unguwarsu. Yawancinsu hannun mutum ne ya haƙa su: kakanninmu sun ɗebi ƙasa sun gina ganuwa da gidaje, ramukan da suka bari suka zama matattarar ruwa. Idan aka tafka ruwan Agusta, can ruwan lungu yake gangarawa ya kwanta, ya nutse a hankali, rijiyoyi su samu. Na unguwarmu dai yanzu shaguna ne a kansa, kuma tun da aka cike shi, duk ruwa mai ƙarfi sai an naɗe tabarmi a zaurukan da ke kusa.

Ku lura da yadda kududdufi yake mutuwa. Ba a wayi gari an ga tifa na zuba ƙasa ba. Shara ce ke fara shiga, ledoji da toka da ɓaraguzan gini. Bayan shekara biyu uku bakinsa ya yi tauri, wani ya kafa rumfa, wani ya ja katanga. Kafin ka ce kwabo an yanka fuloti. Haka ma fadamar bakin Ginzo ke fuskanta, inda masu lambu na wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri ke noma latas da kabeji da alayyafon da muke saye a kasuwa.

Ka tambayi duk wanda ya san aikin ƙaramar hukuma, amsar da za ka ji ita ce: ai fili ba namu ba ne. Akwai gaskiya a ciki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, izinin gini kuma na hukumar tsara birane ta jiha ne, wato URPB. Amma rabin magana ke nan. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kwashe shara, da gina magudanan ruwa da kula da su, da wuraren shaƙatawa da filayen da ake bari a buɗe, a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. To tunda da shara ake fara kashe kududdufi, ashe matakin farko yana hannun shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa. Suna iya zama su yi dokar da ta hana zuba shara da ɓaraguzai a kududdufi da bakin rafi, su sa tara, su kuma tanadi wurin zubarwa. In ba a ba mutane wani wurin ba, dokar a takarda za ta tsaya.

Kafin dokar ma, a yi ƙidaya. Kowane mai unguwa ya san kududdufan da ke ƙasarsa da iyakarsu ta asali. A rubuta sunayensu, a auna, a kafa alamar siminti, a kai jerin ga URPB a ce ga wuraren da ba mu yarda a ba da izinin gini a kansu ba. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon hana takardar fili fitowa, amma wanda zai sa hannu zai yi tunani sau biyu idan wurin yana da suna a rubuce, unguwa kuma ta sani. Hukumar NESREA tana da ƙa'idojin kare fadamu da bakin koguna tun 2009, sai dai daga Abuja ba a ganin ramin bayan gidanku.

Na san abin da iyayenmu mata za su ce, kuma ba zan raina shi ba: kududdufi gidan sauro ne, yana wari, yana cin yara. Haka ne. Amma warin na kwata da shara ne da muke turawa ciki, yaro kuma shinge ke tsare shi. Wanda ya lalace ya wuce gyara, a cike shi bayan an yi wa ruwansa hanya. Sauran a yashe su, a kewaye, a dasa itatuwa. Ruwan da aka kora daga kududdufi ba ya ɓacewa, ɗakin wani yake nema. Mutanen Jibiya da suka rasa mutum fiye da 40 a ambaliyar Yulin 2018 sun fi mu sanin ƙarfin ruwa idan ya rasa wurin zuwa.

Sai batun iyaka. Birnin ya daɗe da tsallakawa cikin Ɓatagarawa, inda ake ta yanka sabbin unguwanni a gonaki da fadamu. A wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya, ke nan can ikonta ya ma fi ƙarfi. Dokar da Katsina ta yi ita kaɗai ba za ta isa ba sai maƙwabta sun yi irinta.

Kuɗi fa? Tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ya fara isowa yadda ya kamata ko bai fara ba, ƙidayar kududdufai ba ta kai kuɗin motar ofis ɗaya ba. Mu da muke cika Facebook da hotunan ambaliya duk damina, mu nawa ne muka san sunan kansilan mazaɓarmu? Ni kaina sai da na zo rubuta wannan na tambaya.