Tashar Awon Yanayi a Makaranta: Wa Zai Kula da Ita?

Tun da aka fito da Raspberry Pi a Ingila a shekarar 2012, wato kwamfuta mai girman tafin hannu da aka sayar kan dala 35, mallakar tashar awon yanayi ya zo kusa ga makarantun sakandare. Akan haɗa mata ma'aunin DHT22 domin auna zafi da laimar iska, manhajar Mosquitto kuma ta isar da alƙaluman zuwa ma'ajiya. Wannan duk aikin yini guda ne.

Wahalar tana wajen kulawa. Idan wuta ta ɗauke ana cikin adana awo, katin ajiya kan lalace, aikin watanni ya salwanta. Haka nan samfuran da suka gabaci Pi 5 na 2023 ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya bayan an kashe su. In babu intanet, sai awo ya fito da lokacin da ba nasa ba.

Saboda haka ya wajaba malamin kimiyya ya tanadi batir da ƙaramin agogo na musamman tun kafin kafawa, ya kuma naɗa ɗalibai biyu masu kwafe alƙaluman kowane mako. Awon damina guda, in ya ɓace, ba ya maimaituwa.